Kafireto ko injekta? Tsohuwar motata mai ɗaki ta sa ni a tsaka mai wuya

Baban Ilham
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo.

Shekara biyu ke nan da na sayi wata tsohuwar mota a nan Tekzas ta Amurka, irin wadda ake kwana a ciki, da gado da kicin da banɗaki. GMC ce ƙirar 1976, tsawonta ƙafa 26. Ga wanda bai taɓa gani ba, General Motors ne ya yi su daga 1973 zuwa 1978 a garin Pontiac na jihar Mishigan, duka-duka ba su cika 13,000 ba. Injin Oldsmobile 455 ne a ciki, silinda takwas, lita 7.5, kuma tayoyin gaba ne ke ja, don daga motar Toronado aka ɗauko tsarin. Ba ta da bonet irin wanda muka sani. Injin yana ƙarƙashin daɓen motar, tsakanin kujerar direba da ta mai zaman banza, sai ka ɗaga kafet ka buɗe murfi kana ciki.

A watan Agustan da ya wuce na ɗebi iyali muka nufi Kolorado. Daga Dalas har Denba lafiya lau. Da muka kama hawan dutse a hanyar I-70 sai ta fara nishi, ina taka totur tana fitar da baƙin hayaƙi. Na tsaya shan mai, na dawo na murɗa makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Na ɗaga murfin injin, wallahi da kunnena na ji fetur yana tafasa a cikin kafireto kamar butar mai shayi. Kusan awa guda muna gefen titi ina jiƙa tawul ina ɗorawa a kan famfon mai, yara na kallona.

Turawan da ke da irinta da yawa sun cire kafireto sun sa injekta mai kwamfuta. Ni ma zuciyata ta karkata can. Kafin in zuba kuɗi, me kuka gani?

Oga Sale Ƙofar Ruwa
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Mu nan kullum ana kawo mana mota mai injekta a ce a mayar da ita kafireto, kai kuma kana can kana neman yin akasin haka. Golf nawa na cire wa biren-bos, wato kwamfutar injin, da hannuna na ɗora kafireto, mai ita ya tafi yana sa mini albarka? Yaro, kafireto ba ya ƙarya. In ya toshe ka kwance ka wanke da fetur, ka busa jet da baki, ka mayar. Sukurdireba ɗaya da sifana biyu sun kai ka gida. Biren-bos in ya mutu a daji, sai dai ka yi masa salla.

Injiniya Habu Zariya
Oga Sale, ranka ya daɗe, abin da ya sa kuke mayar da motoci kafireto ba don ya fi ba ne, don babu na'urar duba laifi a garejin ne, ga fetur mai datti da ke toshe nozul. Amma bari in raba wa Baban Ilham matsalarsa, don cuta biyu ya faɗa ya haɗa su a kwano ɗaya.

Ta farko, baƙin hayaƙi a kan dutse. Fetur yana ƙonewa daidai ne in ya samu iska kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Kafireto ba ya auna nauyin iska, jet ɗinsa rami ne mai girma ɗaya tal. In ka hau sama iska ta yi sako-sako, shi kuma yana zuba mai kusan kamar yadda ya saba, sai man ya yi yawa. Ramin Eisenhower, wanda aka huda cikin dutse motoci na bi, da ke kan hanyar da ka bi ya haura ƙafa 11,000, wato wajen mita 3,400. Jos da muke ganin tana sama mita 1,200 ce da ɗan wani abu. Wannan cutar injekta na maganinta sarai, don akwai sensa a salansa da ke shinshina hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ta rage ko ta ƙara.

Ta biyu, tafasar mai. Wannan zafi ne, da kuma famfon da ke jikin inji yana zuƙo mai daga nesa ta bututu mai zafi. In man ya zama tururi, famfo ba ya iya zuƙar tururi. Ita wannan ba dole sai injekta ba.

Oga Sale Ƙofar Ruwa
To ka ji. Bazazzagi ya yi dogon turanci ya dawo kan maganata.

Injiniya Habu Zariya
Rabin maganarka dai, Oga. Bakano in an ba shi rabi sai ya ce duk buhun nasa ne.

Alhaji Tanko Denba
Baban Ilham, ashe ka wuce ta ƙofar gidana ba ka neme ni ba. Allah Ya yafe maka. Ni na yi wannan aikin, ba a GMC ba, a wata tsohuwar Winnebago mai injin Dodge 440, kuma zan gaya maka gaskiya tsakanina da Allah.

Abin da na samu: da asuba cikin ƙanƙara, murɗa ɗaya take tashi, babu famfa totur, babu jiran cok ya buɗe. Ta daina warin ɗanyen fetur, wanda a motar da ake kwana a ciki ba ƙaramin abu ba ne. Na hau dutse na sauko ba ta canja murya ba.

Abin da ban samu ba: ƙarfi. Duk injin da ba shi da turbo yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da ka hau. A bakin ramin nan kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ko kafireto ne ko injekta, don iskar ce babu. Har yanzu a layin manyan motoci nake bi da giya ta biyu. Shan mai kuma, kada kowa ya ruɗe ka. Gida ne kake turawa cikin iska, nauyinsa wajen tan 5. Ɗan abin da ya ragu bai kai in yi labari ba. In don ka mayar da kuɗinka daga rarar fetur za ka yi, jikokinka ne za su ga ribar.

Maman Ilham
Sannunku da ƙoƙari. Ina karantawa tun ɗazu. Na farko dai, Baban Ilham, kujerar da ka kira ta mai zaman banza ni ce a kanta, kuma ni na riƙa jiƙa tawul ɗin ina miƙo maka. Na biyu, Alhaji, don Allah ku gaya masa gaskiya. Ni ba ruwana da kafireto ko waninsa, in dai za mu sake zama a gefen titi da yara, to ya tafi shi kaɗai.

Alhaji Tanko Denba
Hajiya, an ji. Mun karɓi umarni.

Ɗanlami Mai Wayarin
Hahaha, Oga Baban Ilham an kama ka. Ni ta ɓangarena zan yi magana. Injekta yaron wuta ne, in wutar ba tsabta sai ya haukace. Motar 1976 wayoyinta sun kusa shekara 50, robar ta bushe, ɓera ya ci rabonsa, masu ita na baya kowa ya yanka ya ɗaura nasa. Ka ja waya sabuwa daga kan batir kai tsaye, mai wuta da ta as, wato nagatif, duka, kada ka ce za ka ɗosana a jikin fis ɗin rediyo. Ka tabbata wayar makulli tana ba da wuta lokacin da kake tayarwa da kuma bayan ta tashi, don akwai layin da ke ɗaukewa in sitata na juyawa, sai ka yini kana murɗawa kana zagin kwamfuta. Kuma ka nisanta wayoyin sensa da wayoyin fulogi. Tartsatsin fulogi yana shiga kwamfutar kamar yadda janareta ke shiga rediyo.

Baban Ilham
Maman Ilham, a yi haƙuri, kujerar uwargida ce. Alhaji, wane iri ka sa? Ina ganin Holley Sniper da FiTech, wasu kuma suna ta maganar TBI na GM.

Alhaji Tanko Denba
Hanya biyu ce. Su Sniper da FiTech sababbin yayi ne, kamar kafireto suke a ido, a kan kusoshi huɗun nan suke zama, kwamfutar tana jikinsu, suna koyon injin da kansu yayin da kake tuƙi, ga ɗan allo a hannunka. Suna son matsin mai wajen psi 58 (psi ma'aunin matsi ne). TBI kuma shi ne wanda GM ya fara sa wa manyan akori-kurarsa a 1987, nozul biyu ne a sama suna fesawa, matsinsa psi 9 zuwa 13 kawai, kwamfutarsa daban take, kana iya ɓoye ta cikin mota inda babu zafi. Akwai kamfanin Howell da ke haɗa shi musamman don irin motarka. Tsohon yayi ne, ba ya da wayo sosai, amma duk ƙauyen da ka lalace a Amurka shagon kayan gyara yana da sensarsa da nozul ɗinsa, don miliyoyin motoci sun yi amfani da su.

Ni sabon yayin na sa, ba zan faɗi na wane kamfani ba don kada a ce na ɓata wa wani kasuwa. Wata rana a Wayomin ya ɗauke ɗif. Kwana huɗu na yi a wani ɗan gari ina jiran a aiko da kaya. Tun daga ranar tsohon kafireto da ɗan famfonsa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Oga Sale Ƙofar Ruwa
Allahu akbar! A rubuta wannan. Mai injekta yana yawo da kafireto a ƙarƙashin gado. Kun taɓa jin mai kafireto yana yawo da biren-bos?

Mamman Maraɗi
Salamu alaikum. Oga Sale, ina bayanka amma ba duka ba. Mu nan Land Cruiser da ke shiga Agadas har su wuce, masu su sun fi son wadda ba ta da lantarki da yawa, don a hamadar Tenere babu mai kwamfuta. Amma tambayar ita ce, a can inda shi yake, wa ya iya gyaran kafireto? Ko 504 da kuke haɗawa a Kaduna, a Faransa akwai mai injekta tun da daɗewa, irin na Kugelfischer marar kwamfuta. Ba su ne suka cika hanyoyinmu ba, don masu gyara ba su san su ba. Kowace mota da ƙasar da ta dace da ita. Baban Ilham, garejin unguwarku, in ka kai musu kafireto za su taɓa?

Baban Ilham
Malam Mamman ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Gareji uku na je. Biyu suka ce ba sa taɓa abin da ba shi da wurin soka kwamfuta. A na ukun wani yaro ya leƙa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba sai a bidiyo. Ba laifinsa ba ne, tun farkon shekarun 1990 aka daina sayar da sabuwar mota mai kafireto a ƙasar nan. Wanda ya iya sai tsofaffi, su ma layi ake bi.

Oga Sale Ƙofar Ruwa
To ka aiko mini da biza mana.

Injiniya Habu Zariya
Kafin a kai ga biza. Baban Ilham, kafireton da ke kan injinka Rochester Quadrajet ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Maƙogwaro huɗu gare shi, biyun gaba ƙanana don tafiyar yau da kullum, biyun baya manya, sai ka danne totur suke buɗewa. In yana da lafiya ba ya ɓarnar mai. Sai dai ka kula, na motar ɗaki an saita shi daban da na ƙaramar mota, in wani mai ita na baya ya musanya shi da na Toronado ko na wata motar, to dama can ba daidai yake ba. Duba lambar da ke jikinsa.

Sannan akwai abin da nake zargi. A manifol na waɗannan injinan, wato ƙarfen da kafireto ke zama a kai yana raba iska da mai ga silinda, akwai wata hanya da hayaƙin salansa ke bi ta ƙarƙashin kafireto, an yi ta ne don ta ɗumama shi lokacin sanyi. A ƙaramar mota ba damuwa. A motar da ke jan tan 5 tana hawan dutse, wuta ce aka hura a ƙarƙashin tukunya. Masu irin motarka da yawa suna toshe hanyar da ɗan faranti, don har tsaga manifol take yi. In ka ɗora kwamfutar dala dubu da wani abu a kan wannan murhun ba ka toshe ba, ita ma za ta dahu.

Ga kuma fetur ɗin kansa. Na Amurka yawanci akwai kashi 10 na etanol a ciki, ya fi na 1976 saurin zama tururi, yana jan ruwa, yana cin tsohon tiyo.

Alhaji Tanko Denba
Injiniya ya gama magana. In ƙara da abin da ya fi cin raina: kan injin yini ɗaya ne, hanyar mai ce aikin. Kafireto psi 5 ko 6 yake so, kuma yana da ɗan kwanonsa na ajiya, in famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ba za ka ji ba. Injekta ba shi da kwano. Famfo ya zuƙi iska, inji ya mutu nan take. Motarka tanki biyu gare ta, galan 25 kowanne, faffaɗa ne marasa zurfi a ƙarƙashin daɓe. In mai ya yi ƙasa ka sha kwana, duk ya gudu gefe guda. Shi ya sa wasu ke sa ɗan ƙaramin tanki a tsakani: famfo mai sauƙin matsi ya cika shi, babban famfo yana nutse a ciki yana turawa inji. Wasu kuma su sauke tankunan su sa famfo a ciki. Ko wanne ka zaɓa, sai ka ja bututun da zai mayar da ragowar mai, sai ka canja kowane tiyo zuwa mai ɗaukar matsi, da kilif ɗinsa na musamman. Famfon lantarki turawa ya iya, bai iya zuƙowa daga nesa ba, don haka kusa da tanki ake sa shi, can ƙasa.

Kuma don Allah ka sa makashin da zai yanke wa famfo wuta in an yi karo ko inji ya mutu. Tiyo ya fashe a psi 58, feshi yake yi, ga tukunyar gas ta girki a jikin motar, ga yara a baya.

Maman Ilham
Alhaji, wannan maganar ta ƙarshe ita na fi ji.

Ɗanlami Mai Wayarin
Wani abu kuma, sensar salansa. In manifol ɗin salansa yana shan iska ko kaɗan kafin wurin sensar, za ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙarawa har fulogi su yi baƙi ƙirin. Mai mota ya ce injekta ba kyau, alhali gaskit ne. Kuma a huda mata wuri a saman bututun, kanta ya ɗan kalli ƙasa, don kada ruwan da ke taruwa ya kwanta mata.

Garba Sakaramento
Ku da ke Tekzas kun huta, motar da ta wuce shekara 24 ba a gwada hayaƙinta. Mu nan Kalifoniya daga ƙirar 1976 zuwa sama sai an gwada, kuma ba kowane kaya hukuma ta yarda a ɗora ba. In akwai ranar da za ka sayar wa mutumin nan jihar, ka ajiye duk abin da ka cire.

Oga Sale Ƙofar Ruwa
Bari in bar wasa in yi maganar sana'a. Yaro, kafin ka sayi ko kusa ɗaya, auna kwamfireshan na silinda takwas ɗin nan. Duba sarƙar taimin. Injinan Amurka na wancan zamani haƙoran giyar sama roba aka lulluɓa musu, in sun tsufa sai su karairaye su zube cikin kwanon baƙin mai, sarƙa ta yi sako-sako. Duba distirbuta, ka ga ko nauyin nan biyu na ciki suna motsi ko tsatsa ta riƙe su. Goma da za a kawo mini a ce kafireto ne, yawanci wuta ce. Injin da ba shi da lafiya, ko me ka ɗora masa a ka, marar lafiya ne da sabuwar hula.

Injiniya Habu Zariya
Yau kam na sara wa Kano.

Baban Ilham
Jama'a na dawo, bayan sati uku. Na bi maganar Oga Sale da Injiniya. Kwamfireshan lafiya, silinda takwas sun yi kusa da juna. Sarƙar taimin kuwa, da na buɗe, da yatsa nake karkaɗa ta, haƙora huɗu babu roba. Na canja. Na ɗaga manifol, ƙarƙashinsa baƙin mai ya ƙone ya zama gawayi daidai inda hayaƙin ke bi, sai da na sa cokali na kankare. Na toshe hanyar. Na sauke tankuna biyun, tiyon da ke samansu na lanƙwasa ɗaya ya karye a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Ashe shekara biyu iska yake zuƙa tare da mai. Na canja duka, na sa irin mai ɗaukar matsi tun yanzu, na ja bututun dawowa na toshe bakinsa, na sa ɗan famfon lantarki kusa da tanki da makashinsa.

Jiya na yi mil 120 da tsakar rana, na kashe ta a gidan mai, na yi minti goma, murɗa ɗaya ta tashi.

Oga Sale Ƙofar Ruwa
Alhamdu lillahi. Shi ke nan, kafireto ya ci. A rufe zance.

Baban Ilham
Oga, a yi mini afuwa, bai ci duka ba. Dalas ba dutse, ba a gwada ta inda ta ba ni kunya ba. Na riga na yi odar TBI, irin mai kwamfuta daban, saboda maganar Alhaji ta kayan gyara a kowane ƙauye. Quadrajet zan wanke shi in naɗe a kwali.

Oga Sale Ƙofar Ruwa
Kai ma ƙarƙashin gadon? To ka zuba masa ɗan baƙin mai a maƙogwaro kafin ka naɗe, ka haɗa da gaskit sabo guda biyu, kada ranar ta zo ka rasa.

Alhaji Tanko Denba
In ka gama ka taho a Yuli mu hau ramin Eisenhower tare, ni a gaba kai a baya. Akwai igiyar ja a motata.

Maman Ilham
Alhaji, ni da yara a motarka za mu zauna har a wuce dutsen.